Gargaɗi ga mutanen Gombe kan masu karɓar kuɗi da sunan tallafin sola

Ya zama wajibi in ja hankalin jama'ar Gombe da kewaye game da wasu mutane da ke bin gida-gida, suna kuma watsa saƙo a zaurukan WhatsApp, wai gwamnatin tarayya ta ɗauke wa talaka kashi 70 cikin 100 na kuɗin haɗa sola, abin da ya rage kawai shi ne mutum ya sayi fom ya biya kafin alƙalami. Damfara ce, kuma ta ci mutumin gidanmu.

Gwaggona, wadda ta yi ritaya daga koyarwa a firamare, tana zaune a Pantami tana sayar da zoɓo da kunun aya, kuma da firiza ɗaya take riƙe da marayu uku. Samari biyu suka yi mata sallama, sanye da riguna masu tambari, kowanne da katin shaida a rataye a wuya, suka karɓi naira 15,000 kuɗin fom. Bayan mako biyu aka kira ta aka ce sunanta ya fito, amma sai ta tura naira 250,000 kafin ranar Juma'a, in ba haka ba a ba wani gurbinta. Ta kwashi adashinta, ta sayar da tumaki biyu, ta tura. Ɗaya daga cikin samarin har ya dawo ya hau tsani yana auna kwanon ɗakinta yana rubutawa a takarda, abin da ya ƙara kwantar mata da hankali ke nan. Da na karɓi rasit ɗin mai POS na duba, sai na ga sunan mutum ne a kan asusun, ba na kamfani ko hukuma ba. Na ce, "Gwaggo, me ya sa ba ki kira ni ba?" Ta ce, "Ɗan nan, sun ce in na yi ta faɗa wa mutane gurbin zai ƙare." Yau wayarsu a kashe take, shagon da suka kwatanta mata kuma a garƙame.

Ba na ganin laifinta. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, tayar da janareto ya fi ƙarfin mai ƙaramar sana'a. A watan Afrilun 2024 ɓarayi suka lalata turakun babban layin wuta na Jos zuwa Gombe muka zauna cikin duhu, a watan Oktoba na shekarar kuma yawancin Arewa ta yi kwana da kwanaki babu wuta. Wanda ya zubar da kaskon zoɓon da ya yi tsami, in aka yi masa maganar sola da araha, dole ya saurara.

Abin da ke ba ƙaryarsu ƙarfi shi ne akwai shirye-shiryen gaskiya. Hukumar samar da lantarki a karkara, REA, ita ce ke kula da shirin Solar Power Naija da aka tsara don kai wuta gidaje miliyan 5, kuma a watan Disambar 2023 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 750 don shirin DARES na faɗaɗa samar da wuta ta hanyoyi irin su sola. Sai dai tallafin irin waɗannan shirye-shirye yana zuwa ne hannun kamfanonin da aka tantance, gwargwadon aikin da aka tabbatar sun yi, shi kuwa mai gida yana cin moriya ta hanyar sauƙin farashi ko biya da kaɗan-kaɗan. Babu inda ake tura kuɗin fom asusun wani saurayi.

Akwai kuma masu kawo kayan, amma na algus. Batirin ruwa na gaske mai ƙarfin 200Ah nauyinsa yakan kai kilo 55 ko fiye, don haka in yaro ɗaya ya sungume shi ya shigo da shi tsakar gida, to a sake dubawa. Ko na gasken ma, wutar da yake ɗauka ba ta wuce 2.4kWh ba, kuma rabinta kawai ya kamata a sha in ana so ya yi ƙarko, saboda haka duk wanda ya ce batir ɗaya zai riƙe firiza da fankoki da talabijin har asuba ƙarya yake yi. Haka suke manna takardar wat 300 a bayan farantin solar da bai kai rabin haka ba. Kafin a biya, a nemi mai haɗa sola da aka sani, ya gwada farantin da mita a tsakar rana, a kuma karɓi garanti a rubuce mai ɗauke da adireshin shagon da ƙafa ta taka.

Duk wanda ya riga ya tura kuɗi, kada kunya ta sa ya yi shiru. Ya garzaya bankinsa a ranar da rasit da lambar asusun da aka ba shi, sannan ya kai ƙara wurin 'yan sanda ko ofishin EFCC da ke nan Gombe. Mu mun kai tamu, kuma a layin Gwaggo kaɗai mun sami mata huɗu da suka sayi wannan fom.