Google Contacts ya raba ni da wahalar neman lamba

Gaskiya na daɗe ina fama da lambobin waya, mutum ɗaya sai in same shi sau uku, ɗaya a sim, ɗaya a waya, ɗaya kuma na sa masa "sabuwar lamba" ban ma san wace ce sabuwar ba. Da na koma Google Contacts abin da ya fara burge ni shi ne yana zaƙulo masu maimaituwa da kansa ya tambaye ka ko a haɗe su, kai dai ka duba kafin ka danna, don mutum biyu na iya yin suna ɗaya.

Amma inda na fi jin daɗinsa wallahi wajen rukuni ne, na ware 'yan uwa daban, abokan aiki daban, masu gyara daban, kuma kowa akwai gurbin rubuta sana'arsa ko ɗan bayani, to ranar da mota ta tsaya min ban tuna sunan makanikin ba kawai na rubuta makaniki sai ga shi ya fito. Waɗanda kake kira kullum ka sa musu tauraro su hau sama.

In ka goge lamba bisa kuskure tana zama a kwandon shara kwana 30 kafin ta tafi. Kuma komai na kan Gmail ɗinka, ko waya ta ɓata kana shiga a sabuwa za su dawo, sharaɗin dai lokacin ajiye lamba ka zaɓi imel ɗin, kar ka zaɓi sim.