Giren 115 ko 147: amsar tambayar Laminu kan harsashin ƴan gasa

Laminu ƙanena, na ga tambayarka tun daren jiya. Ka ce ka kalli bidiyon gasar harbi da ƙaramar bindiga, ka ji maharban na cewa da hannunsu suke ɗura harsashinsu, kuma da gangan suke zaɓar ƙwaya mai nauyi, wato kan harsashin da ke fita daga bakin bindiga. Shi ne ka tambayi zauren nan: mai nauyin ba ta fi dukan hannu ba? In ta fi, me ya kai mai neman sauri gare ta?

Na taɓa wannan wasa a shekarun da na zauna Faransa, inda ake kiransa TSV. Amsar tana cikin dokar gasar, ba cikin bindigar ba.

Ƙungiyar da ke riƙe da wasan a duniya, IPSC, an kafa ta a 1976 a garin Kolombiya na jihar Mizuri a Amurka, Jeff Cooper ne shugabanta na farko. Ba su so wani ya zo da harsashi lagwani wanda ko hannu ba ya girgizawa, ya riƙa cinye masu harba na gaske. Sai suka sa ma'aunin ƙarfi: a ninka nauyin ƙwaya da gudunta, a raba da 1000. Nauyin da giren ake auna shi, giren 15 da ɗan ɗoriya ne giram ɗaya. Gudun kuma ƙafa nawa ƙwaya ke ci a daƙiƙa. Wanda bai kai 125 ba, ya yi ta harbinsa in yana so, makinsa ba ya shiga lissafi.

To, ɗauki harsashin milimita 9, wanda mafi yawan ƴan gasa ke riƙe da shi. Ƙwaya mai giren 115, wato giram 7 da rabi, sai ta yi gudun ƙafa 1087 kafin ta taɓa 125, kimanin mita 331 a daƙiƙa ke nan. Mai giren 124 na bukatar ƙafa 1009. Mai giren 147, giram 9 da rabi, ƙafa 851 sun ishe ta, mita 259 kacal. A takardar alƙali duka ukun ɗaya suke.

A hannu kuwa ba ɗaya ba ne. Ma'aunin gasar sau ɗaya yake lissafa gudu, alhali kuzarin da ƙwaya ke ɗauke da shi, gudu sau gudu ake ninkawa kafin a same shi. In ka buga lissafin, mai 115 ta fita da kusan jul 409 (jul shi ne ma'aunin kuzari), mai 147 da kusan jul 320. Ka ga mai nauyin ta biya alƙali haƙƙinsa cif, amma da ƙarancin kuzari da ƙarancin albarushi. Abin da ya ragu na albarushi shi ne ya ragu na iskar da ke fashewa a bakin bindiga, da walƙiya, da ƙara. Saboda haka ƙwaya mai nauyi a wurin ƴan gasa ba neman ƙarfi ba ce. Dabara ce ta cika sharaɗi cikin sauƙi.

Yadda ake ji a tafin hannu, sai na kai ka fili. Mai 115 ɗan dambe ce: naushi ɗaya, tas, ya wuce, bakin bindiga ya zabura sama ya dawo. Mai 147 ɗan kokawa ce, irin wanda zai dafa ƙirjinka ya tura ka baya a hankali. Nauyin turin kusan guda ne, tunda nauyi sau gudu bai canza ba, sai dai ɗaya ta sauke maka shi a ƙiftawar ido, ɗayar ta shimfiɗa shi. Ranar da na fara harba 147 na ɗauka wani abu ya lalace. Na sauke bindigar, na cire gidan harsashi, na leƙa bututu, dattijon da ke kula da mu yana gefe yana dariya. Kunnena ya saba da tsawa, sai ga wani "buf" kamar an bugi buhun gero da tafi. Dalili kuwa, sauti na tafiyar kimanin mita 343 a daƙiƙa. Mai 115 na kamfani yawanci tana ƙetare wannan iyaka, shi ne ake jin wannan tsagewa kamar bulala. Mai 147 ko kusa ba ta zuwa.

Me ya sa wannan ɗan bambanci ya dami mutane? Saboda ana raba makinka ne da lokacin da ka ɓata. Kowace takardar bara yawanci harbi biyu take so. A ƙaramin aji, wato na masu ma'aunin ƙarfi 125, tsakiya maki 5 ne, kewayenta 3, gefe 1. Idan saitinka bai ɓace wa idonka ba bayan harbin farko, na biyun zai bi shi nan take kuma ya faɗa tsakiya. Ɗan wannan tsakani, in aka tara shi sau ɗari a yini, shi ne ke raba na ɗaya da na goma.

Yanzu ga inda mai nauyin ke karɓar kuɗinta, kuma nan ne masu bidiyo ba su cika tsayawa ba.

Kwanson milimita 9 tsawonsa milimita 19 ne, ɗan ƙaramin ɗaki. Faɗin ƙwaya ba ya canzawa, don haka ƙarin nauyi ƙarin tsawo ne. Tsawon harsashi gaba ɗaya kuma yana da iyaka, in ba haka ba ba zai shiga gidansa ba. Ina ragowar tsawon zai je? Cikin kwanso, ya cinye wurin albarushi. Wuri na raguwa, matsi na hawa, kuma ba hawan tsani yake ba, tsalle yake. Iyakar da hukumar gwajin makamai ta ƙasa da ƙasa, CIP, ta sa wa wannan harsashi ita ce bar 2350. Tayar motarka da mai faci ke hura maka a bakin tasha bar 2 da ɗan abu ce. Wannan matsi a tafin hannunka yake, ɗan taƙi kaɗan daga idonka. Mai ɗura 115 yana da ɗan sararin kuskure. Mai ɗura 147 nasa ya ƙuntata: awon da ya yi daidai da ƙwaya mara nauyi zai iya zama masifa a ƙarƙashin mai nauyi. Wanda kuma tsoro ya sa ya rage fiye da kima, ƙwaya na iya maƙalewa cikin bututu, harbi na gaba ya same ta a can. Shi ya sa ba za ka ga na rubuta awon albarushi a nan ba, ko an bi ni ta bayan fage. Masu yi da gaske littafin kamfanin albarushin suke bi, da sikeli, da na'urar awon gudu, da lasisi a aljihu. Mu nan kuwa, da halin da ake ciki wajen Gidan Rumji da Madarunfa, wanda aka kama da kwanso da albarushi ba takarda, jandarma ba za su tsaya jin labarin gasa ba.

Sai matsalar nawa, wato jinkiri. Da 147 saman bindigar da ke ja da baya ya dawo yana tafiya kamar raƙumin da ya ƙoshi. Wasu na son haka. Wasu, musamman masu saurin yatsa, sai su ji suna jiran bindiga ta gama aikinta kafin su sake taɓa kunama. Kuma a kusa, mai nauyi ta fi sauka sama da inda ka saba, don ta fi daɗewa cikin bututu yayin da bakinsa ya fara ɗagawa. Dole ka sake gyara saiti. Dalma kuma da nauyi ake sayenta, kuɗin ƙwaya dubu na 147 ya fi na 115.

Akwai ma ajin da maganar ta juye gaba ɗaya. A ajin Open, bindigogin na da ramuka a baki da ke fitar da iska sama don su danne bakin ƙasa. Su iskar ce abincinsu, don haka ƙwaya mara nauyi da albarushi mai yawa suke nema. Dabarar 147 ta masu bindiga ce kamar yadda ta fito daga kamfani, irin ajin Production.

Kuskurena ɗaya zan ba ka. Na gwada harsashina da rani, ya haye 125 da ƙyar, na ce ai shi ke nan. Gasar ta faɗo cikin hunturu, irin sanyin da na watan Janairu a bakin Gulbi wasa ne a gabansa. Alƙali ya ɗebi harsashi takwas daga jakata, ya zare ƙwayar guda ya ɗora a sikeli, ya harba uku ta na'ura. Sanyi ya rage gudun. Ya ƙara harba wasu, bai canza ba. Yini guda na yi ina gudu ina harbi, sunana ba maki a gabansa. Daga ranar na gane abin da ya sa tsofaffin hannu ke tsayawa wajen 130, su bar wa yanayi rabonsa.

In ka ce in zaɓa, ni 124 na koma, a kanta na gama. Ba ta da naushin 115, ba ta da nawar 147, kuma ta bar wa kwanso wurin numfashi. Amma na ga mutanen da suka fi ni nesa ba kusa ba suna rantsuwa da 147, na ga wasu irinsu da ko kyauta ba sa karɓarta. Hannun kowa da abin da yake so.

Ka koma kan bidiyon nan, ka rage saurinsa, ka bar kallon abin da ake bara. Dubi bakin bindigar kawai, ka kasa kunne. In ka ji tsagewa kuma bakin ya zabura ya dawo da sauri, mara nauyi ce. In ka ji "buf" kuma bakin ya ɗaga a hankali kamar mai gyaɗa kai, ka turo mana shi nan mu gani, ina zaton 147 ce.