Wata uku a darasin Turancin JAMB na yamma

Bara na zana JAMB, jarrabawar shiga jami'a, Turanci ne ya ja ni ƙasa. Tambaya 60 ce cikin 180, kuma awa biyu kacal ake ba mutum ya gama duka. Ni kuwa da kunne nake amsawa, duk zaɓin da ya yi mini daɗin ji shi nake dannawa. Shi ya sa bana Baba ya biya mini kuɗin darasi a wata cibiya kusa da gidanmu a Sabon Garin Zariya, daga bayan La'asar zuwa Magariba.

Malamin Turancin shi kaɗai ya cancanci kuɗin da aka biya. Ranar farko ya rubuta "Borrow me your pen" a allo, ya ce wa ya ga kuskure. Aji ya yi tsit. Sai ya ce, "Hausa ce ke magana da bakinku. Mu aro ɗaya gare mu, ka ara mini, na ara. Su kuwa sun raba, mai bayarwa lend, mai karɓa borrow." Haka ya yi ta bin mu. "Ko?" ɗinmu na ƙarshen zance shi ke sa mu liƙa "isn't it?" a kowace jimla, alhali "She came" sai "didn't she?" Wallahi a ranar na gane inda makina suka zube bara.

Akwai ranar da na kafe kan "advices". Na ce, "Malam, ai shawarwari suna da jam'i." Bai yi fushi ba, ya ce, "'Yata, a Hausa ne." Ya jera mini furniture, luggage da information, duka ba sa ɗaukar s. Haka "discuss about", wadda har a rediyo nake ji, ashe about ɗin kaya ne da ba a aike shi ba. Ya hana mu zaɓar amsa sai mun faɗi laifin sauran ukun, kuma wannan ɗabi'ar ce ta fi yi mini amfani.

Inda suka gaza, karin maganar Turanci. Takarda aka raba mana mu haddace, irin su "at loggerheads", babu labari babu misali, cikin mako guda rabi ya gudu. Sashen furuci ma sau biyu kawai aka taɓa shi.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne kwamfuta. Jarrabawar a kwamfuta ake yinta, amma nasu kaɗan ne, sai an bi layi, in an ɗauke wuta kuma a koma takarda. Sai da na riƙa aron ta Yaya ina gwada sauri a gida.

Ƙanwata za ta shiga baɗi in Allah ya kai mu. Na ce mata ta riƙa zuwa da wuri ta kama bencin gaba, don daga baya ba a ganin allo da zarar rana ta yi ƙasa.