Kafin Ka Sayi Duron Silen, Duba Aikinka Ka Duba Sitonka

Duk wanda ya taɓa riƙe sito a masana'antar wayar lantarki, roba, fenti ko gam ya san ruwan nan garai-garai da ake kira silen. A ido kamar ruwan famfo yake, kuma kaɗan ake zubawa, kashi 1 zuwa 2 cikin 100 na haɗi a yawancin ayyuka. Aikinsa ƙulla zumunci tsakanin abubuwan da ba sa ga maciji da juna: gefe ɗaya na ƙwayarsa yana kama gilashi, silika ko ƙarfe, ɗaya gefen yana kama roba. Tun shekarun 1940 aka fara amfani da shi a Amurka don zaren gilashi ya daina rabuwa da robar da aka zuba masa idan danshi ya ratsa. Na yi shekaru ina sayo wa wata masana'anta shi a Kano, kuma abin da yake ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda ake cinikinsa kamar man gyaɗa. Nawa ne kilo, yaushe zai iso, shi ke nan. Ba mai tambayar inda za a ajiye shi.

Abu na farko da ke rikita mai saye shi ne suna. Silen iri-iri ne, kuma ko da iri ɗaya ne, kowane kamfani da irin sunan da ya raɗa masa. Wanda masu yin wayar lantarki suka fi nema, wato VTMS, kamfanin Momentive yana kiransa Silquest A-171, Evonik na Jamus yana kiransa Dynasylan VTMO, Shin-Etsu na Japan kuma KBM-1003. Kada suna ya ɗauke maka hankali. Nemi lambar CAS, wato lambar rajistar da kowane sinadari yake da tasa, a jikin duro da cikin takarda, domin ita ce ba ta canzawa. Ta VTMS ita ce 2768-02-7. Ta ɗan'uwansa VTES, wanda ake sayarwa da sunan A-151 ko VTEO, ita ce 78-08-0. Dillalin da ya kasa nuna maka wannan lambar bai san abin da yake sayar maka ba.

Waɗannan biyun su ne 'yan gidan binil, kuma su ne masu saurin kama wuta. Ana amfani da su wajen ƙarfafa robar da ke lulluɓe wayar lantarki da bututun ruwan zafi, ta hanyoyin da ake kira Sioplas da Monosil. Kowane ruwa mai cin wuta yana da matakin zafin da in ya kai, tururin da ke tashi daga samansa zai kama da tartsatsi ɗaya. Na VTMS wajen digiri 25 ne. Na kananzir kuwa daga 38 yake farawa. To, a Kano zafin Afrilu yana kai digiri 40 a inuwa, balle cikin sito mai rufin kwano a Sharaɗa ko Bompai da tsakar rana. Ke nan kusan duk shekara, da zarar ka buɗe murfin duron VTMS, tururin da ke bakinsa a shirye yake ya kama. Tururin ya fi iska nauyi, ba ya tashi sama ya watse. Ƙasa yake bi, ya kwanta a kwata da lungu, ya tarar da janareta ko mai walda can gefe, wutar ta biyo shi ta dawo kan duro. VTES ya ɗan fi sauƙi, nasa matakin kusan daidai yake da na kananzir. A ƙasar sanyi wannan bambanci babba ne. A bazararmu rata ce ƙarama, amma tana da amfani da dare da lokacin sanyi.

Bambancin da ya fi muhimmanci a wurina yana cikin abin da suke fitarwa idan sun haɗu da danshi. VTMS yana sakin metanol, kuma ba kaɗan ba: kilo ɗaya idan ya gama haɗuwa da ruwa yana ba da wajen giram 650. Metanol shi ne gubar nan da ke lalata jijiyar ido har ta kai ga makanta, yana shiga ta numfashi da ta fata, kuma alamarsa tana iya jinkiri. Ma'aikaci zai tashi aiki lafiya lau, sai cikin dare ko washegari ciwon kai da amai da gani dishi-dishi su taso masa, a ɗauka zazzaɓi ne. Wutarsa ma da rana ba a cika ganin harshenta ba. VTES etanol yake saki, wanda shi ma yana cin wuta amma gubarsa ba ta kai ta metanol ba ko kusa. Matsalarsa ita ce nawa: ba ya saurin aiki, robar waya takan daɗe kafin ta yi ƙarfi, shi ya sa masu waya suka fi karkata ga VTMS. Idan aikinka zai jure jinkirin, ko ɗakin aikinka ba shi da fankar da ke zuƙe tururi zuwa waje, ni VTES zan ba ka shawara ko da ya fi tsada.

Idan kuwa fenti, gam ko zaren gilashi kake yi, wataƙila ma ba ka buƙatar 'yan binil. Guda uku ne suka cika kasuwa, da sunayen da masana'antun Sin suka yaɗa. KH-550, wato A-1100, ba ya kama wuta sai wajen digiri 90, amma yana ƙone fata da ido, kuma a rukunin kayan da ke cin jiki ake ɗaukarsa a mota. KH-560, wato A-187, na masu aikin robar ifoksi ne. Sai ya haura digiri 100 yake kamawa, sai dai ɗigo ɗaya a ido babbar magana ce, kuma shi ma metanol yake saki. KH-570, wato A-174, na masu robar foliyesta ne, ba ya son rana da zafi domin yana iya daskarewa da kansa a cikin mazubi. Robar da kake aiki da ita ce take zaɓar maka ɗaya daga cikinsu, ba farashi ba.

Akwai hanya ta uku da ƙananan masana'antu ba su cika sani ba. Ana sayar da silen ɗin da aka riga aka sarƙa ƙwayoyinsa a kamfani, kamar Dynasylan 6490, wanda ba ya tururi sosai, ba ya saurin kama wuta, kuma barasar da yake saki, wato metanol ko etanol, ta ragu. Akwai na ruwa, jerin Hydrosil, ga masu wasu ayyukan fenti da shafe. Masu waya kuma suna iya sayen ƙwayoyin roba da aka riga aka dasa musu silen, a cikin buhu mai rufin alminiyam, ba tare da duron ruwa ya shigo harabarsu ba sam. Kilonsu ya fi tsada, babu musu. Amma ka haɗa da kuɗin gina sito na musamman, da fanka, da famfon da ba ya tartsatsi, da tukwanen kashe gobara, sannan ka sake lissafi.

Girman mazubi ma zaɓi ne. Ana samunsa a jarka mai kilo 25, da duro mai wajen kilo 200, da babban tanki mai kusan tan ɗaya. Wata shekara mun sayi duro don rahusa, alhali abin da muke ci a wata bai wuce jarka ɗaya ba. Aka riƙa buɗewa ana ɗiba ana rufewa har damina ta sauka. A watan Agusta na je da kaina na murɗe murfin, sai na ji ya yi tsaki, iska ta fito da wani wari mai kaifi da ya sa idona ruwa. Bakin murfin ya yi farin ɓawo kamar kanwa, ruwan da ke garai-garai ya koma dusu-dusu, sandar da na tsoma ta fito da yauƙi. Fiye da rabin duro ya tashi a banza, kuma yaron sito ya yi makonni yana shaƙar wannan abin ba mu sani ba. Wannan na biyun ne har yau yake damuna. Tun daga ranar, abin da za mu cinye cikin ɗan lokaci bayan buɗewa nake saye. Mai duro babba sai ya tanadi iskar nitrojin da zai riƙa cike gurbin abin da ya ɗiba. Yawancin kamfanoni wata 12 suke lamunta ga mazubin da ba a buɗe ba, don haka duba ranar da aka yi shi, ka tuna ya kwana a tashar Apapa, ya kuma yi tafiyar kusan kilomita 1000 a bayan tirela cikin rana.

Damina da danshinta, hunturu kuma da nasa haɗarin. Iskar da ke sa ka ji tas idan ka taɓa ƙofar mota ita ce ke tara lantarki a jikin ruwan da ake tsiyayewa daga duro zuwa bokiti. A haɗa duron da mazubin da waya, a kai wayar ƙasa, kafin a fara zuba. Bokitin roba ba na wannan aikin ba ne.

Kada ka biya kuɗi sai an ba ka takardar bayanin haɗari, SDS, mai sashe 16, da takardar gwajin wannan zubin da aka kawo maka. Sashe na 9 zai gaya maka matakin kama wuta, na 7 yadda ake ajiya, na 10 abin da bai kamata ya haɗu da shi ba, na 14 rukuninsa a mota. Tambayi mai shigowa da shi izinin NAFDAC. Wanda aka juye a jarkar da ba tambari, komai arharsa, bar masa kayansa; ba ka san ranar da aka buɗe shi ba, ba ka san ko an sirka ba.

Ka sa kuɗin kariya cikin farashi tun farko. Tabarau mai rufe ido ruf, safar hannu ta butil, ruwan wanke ido kusa da wurin aiki, bokitin busasshen yashi don abin da ya zube. Tukunyar kashe gobara ta zama ta hoda, ko ta iskar kabon, ko ta kumfar da barasa ba ta narkarwa. Fesa ruwa da ƙarfi watsa wutar yake yi. Takunkumin ƙura ba ya tare tururi, kuma matatar da aka saba sawa don tururin fenti ba ta riƙe metanol da kyau.

Sai batun duron da ya ƙare, wanda ya kamata ku daddale da dillali tun kafin ciniki. A wurinmu duro ba ya rasa mai so: mai ruwa yana so, mai walda yana so ya yanka ya yi murhu ko kwandon shara. Duron silen da ake ganin babu komai a ciki cike yake da tururi, kuma harshen wutar walda yana taɓa shi zai tashi. Nemi dillalin da zai karɓi durorinsa ya rubuta maka hakan. In bai yarda ba, a ajiye su a rufe da tambarinsu, a wuri mai inuwa da iska, kuma mai gadi ya san cewa ko ɗaya ba ya fita ƙofa sai da sa hannunka.