Wasiƙa daga Bronx zuwa Aboabo

Assalamu alaikum Yaya Hajiya. Ya gida, ya yara, ya ƙafar Inna? Allah ya ƙara sauƙi.

Kin tambaye ni yadda kaya suke a nan. Doya ana samu a shagunan 'yan Afirka, har tamu ta Ghana, amma in kika ji kuɗin guda ɗaya sai kin yi kewar kasuwar Kejetia. Kaza kuwa arha, ɗanɗano ne babu. Abincin rana a makarantun gwamnati na birnin New York kyauta ne ga kowane yaro tun 2017.

Tunda ke malama ce, ga abin da ya fi burge ni. A nan uwa ba ta jiran ƙarshen zango kafin ta san halin da ɗanta yake ciki. Makarantu da yawa suna aiki da manhajoji irin su Seesaw da ClassDojo. Kowane yaro da jakarsa a ciki. In ya yi rubutu a ɗauki hoto a saka, in ya yi karatu a naɗi muryarsa. Ina wurin aiki waya za ta yi ƙara, in buɗe in ji auta tana haɗa baƙi tana tuntuɓe. Rubutunta na Satumba yana nan, na Maris yana nan, da idona nake ganin hannun ya faɗa. Mu a gida fa? Katin sakamako kawai, an zo na kaza a aji, uba ya yi faɗa ko ya sayi tsire. Wani sai jarrabawar BECE ta ƙarato yake gane ɗansa bai iya karatu ba.

Sai dai saƙon yakan yi yawa, wallahi wata rana kashe ƙarar nake yi. Kuma su intanet ɗinsu makaranta ce ke biya, ke kuwa daga asusun MoMo ɗinki na waya za ki sayi data, ga aji cike maƙil, ga dumsor, wato yawan ɗauke wuta.

Duk da haka WhatsApp ya ishe ki. Sau ɗaya a mako, hoton aikin yaro da saƙon murya da Hausa, don iyayen da ba su yi boko ba. Ki nemi izininsu tukuna, kuma ki tura wa kowace uwa nata ita kaɗai. Kin san zongo, in kika zuba a guruf gori zai zama.

Akwai mai tahowa kafin Babbar Sallah, zan ba ta waya mai kyamara mai kyau ta kawo miki. Ki gaida Inna.