Shafin Facebook ko Zauren WhatsApp: Wanne Ya Fi Wa Ƙungiyar Agaji?

Duka biyun na kamfanin Meta ne, amma aikinsu ya sha bamban. A ganina, ƙungiyar da ke neman sababbin masu tallafi ta fara da Facebook. Kamar bakin kasuwa yake: wanda bai taɓa jin sunanku ba zai iya cin karo da hoton rijiyar da kuka haƙa, ya tura wa wasu, har a samu mai ba da gudummawa. Sai dai ba duk mabiyanku ke ganin abin da kuka wallafa ba. Manhajar ce ke zaɓar waɗanda za ta nuna wa, in kuna son ƙari sai ku biya kuɗin talla.

WhatsApp kuwa ɗaki ne na 'yan gida, ya fi dacewa da tsara aikin 'yan sa-kai. Saƙo na isa ga kowa, ga saƙon murya don wanda karatu ke ba wuya. Amma zaure ɗaya ba ya wuce mutum 1,024, kuma in shugabannin zauren ba su taƙaita masu rubutu ba, gaisuwar safiya kaɗai ta isa ta binne sanarwar taro.