Gwanjon kayan sanyi a Jos: bakin dila ko shagon rataye?

Wata 'yar uwa a zauren nan ta kawo tambaya. Yaranta huɗu, kuɗin hannunta ba yawa, kuma tana so ta haɗa musu kayan sanyi da bargo tun hunturu bai kankama ba. Wasu sun ce ta yi sammako zuwa kasuwar Katako ranar da ake yanka dila, wasu sun ce ta hutar da kanta turereniya ta shiga shagon da aka riga aka zaɓe kaya aka rataye. Wanne ya fi?

Hajiya, ki raba kuɗin gida biyu. Suwaita, wandon sanyi, hula da riguna masu dogon hannu, ki neme su a bakin dila. Jaket, takalmi da bargo kuwa, ki shiga shago ko da farashin ya ɗan cije ki.

Dila a ɗaure take zuwa, an matse ta da inji an ɗaure da ƙarfe ko roba, yawanci mai kilo 45 ko 55, akwai kuma mai kilo 100. Ɗan gwanjon da ya saye ta shi ma bai ga cikinta ba, abin da aka rubuta a jiki ya gani: na yara, lamba ɗaya, daga Ingila ko Sin ko Koriya. Shi ya sa idan ya yanka ta a Katako, can Laranto, farashin zagaye-zagaye yake tafiya. Zaɓen farko ya fi tsada, domin a nan yake son fitar da uwar kuɗinsa, kuma masu shaguna ne ke zagaye da shi suna wawar na kirki. Idan tsibin ya ragu kuɗi ya sauka, har a kai ga kashin dila da ake zubarwa a ƙasa ana kiran farashi ɗaya. To kayan da kika gani a rataye a shagunan cikin kasuwa ko wajajen Taminus a tsakiyar gari, yawanci zaɓen farkon nan ne, an wanke an goge an ɗora riba. Kenan kayan ɗaya ne. Abin da kike biyan ƙari a kansa a shago shi ne lokacin dubawa, da haske, da damar gwadawa a jikin yaro, da fuskar wanda za ki koma wa in abu bai yi ba.

A bakin dila ba ki da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Kina da daƙiƙu kaɗan a kan kowace riga, hannaye goma na jan abu guda, kuma in an biya an rabu. Don haka abin da ya dace a saya a nan shi ne wanda aibinsa ke bayyana nan take, kuma ko an yi asarar guda ɗaya ba za a ji jiki ba. Suwaitar yara haka take. Ki ɗaga ta sama ta fuskanci haske: ramukan asu za su fito kamar an huda da allura, kuma irin wannan ramin faɗi yake yi bayan wanki. Ki ja bakin hannu da ƙugu ki saki, in bai koma yadda yake ba robar ta mutu, iska za ta riƙa shiga. Ki leƙa hammata da wuya. Tabon rawaya na zufa da baƙin ɗige-ɗigen fumfuna ba sa fita, kada a ce miki wanki ɗaya ne. Amma 'yan ƙudundunen zare da ke saman suwaita ba aibi ba ne, reza sabuwa a hankali tana share su, kuma hujja ce ta neman ragi. Ɓallallen maɓalli ko ɗinkin da ya warware a gefe ma aikin tela ne na minti biyar.

Lissafin a fili yake. A ce kin ɗauki suwaita biyar, kika je gida ɗaya ta zama ta banza. Kuɗin biyar ya koma kan huɗu, kowace ta ƙaru da kashi ɗaya cikin huɗu, kuma sau da yawa har a haka ba ki kai kuɗin shago ba. Jaket kuwa guda ɗaya za ki saya wa yaro, mai tsada, in ta ɓaci duka kuɗin ne ya tafi.

Jaket tana ɓoye aibinta a ciki. Dole a zuge zif ɗin daga ƙasa har wuya sau uku, a ja gefe da gefe a ga ko yana buɗewa ta tsakiya. In kan zif ɗin ne ya saki, tela zai matse ko ya canja da kuɗi kaɗan. In haƙoran ne suka zube, sai an farke gaban jaket ɗin gaba ɗaya a sa sabo, wannan kuma yakan cinye rangwamen da aka samu. Wanda aka rubuta YKK a kansa yawanci ya fi ƙarko. Sai a juya ta a duba shafin ciki da aljihu. Mai cikon gashin agwagwa tana da ɗumi ƙwarai ga rashin nauyi, amma ki matsa ta gida-gida: in kika ji dunƙule a wani wuri, wani wurin kuma fayau, an taɓa jiƙa ta ba ta bushe da kyau ba, ɗuminta ya ragu. Jaket ɗin fatar roba mai sheƙi, ki lanƙwasa wuyanta da gwiwar hannu ki kankara da farce. In ta fara ɓarewa ko kaɗan, a bar ta, sauran jikin ma kwanaki ya rage masa. Duk wannan dubawar ba ta yiwuwa ana ture ki ta baya.

Takalmi ya fi kowane yaudara. Za ki ga sama fes kamar ba a taɓa sawa ba, alhali ya shekara da shekaru a ajiye. Akwai irin tafin roba mai laushi da danshin iska ke ci a hankali ko ba a taka shi, sai yaro ya sa kwana biyu ya marmashe kamar busasshen biredi. Ki lanƙwasa takalmin biyu da ƙarfi, ki danna dunduniya da babban yatsa. In ya tsage, ko ya yi danƙo, ko gari na zuba, ba mai gyaran da zai cece shi sai dai a canja tafin ɗungurungum. Ki haɗa ƙafa biyun tafi da tafi, domin a gwanjo ana samun masu kama ɗaya amma lamba daban. Takalmi kuma ba a sayen sa da ƙiyasi, a je da yaron ya sa da safa mai kauri.

Bargo kuwa sai an shimfiɗa shi duka. Mai shago ya riƙe gefe ki riƙe gefe, a duba tsakiya inda tabo da ƙunar dutsen guga ke zama, a bi bakin ɗinki da fitilar waya saboda kuɗin cizo da baƙin kashinsu. Irin na Ingila mai ciko yana da lamba a jiki da ke nuna ɗuminsa: 4.5 na lokacin zafi ne, 10.5 matsakaici, 13.5 shi ne na sanyi sosai. A gari kamar Jos da ke sama da teku da kusan mita 1,200, a Disamba da Janairu, kada ki sauka ƙasa da 10.5. Faɗinsa ma a rubuce yake da santimita: 135 da 200 na mutum ɗaya, 200 da 200 na gado mai cin mutum biyu.

Inda iyaye suka fi asara a duka wuraren biyu shi ne awo. Kafin ki fita, ki jingina kowane yaro da bango ki auna tsawonsa da tef ɗin tela, ki rubuta. Kayan Turai da dama lambar da ke wuyansu tsawon yaro ce da santimita: 104 wajen ɗan shekara 4, 116 ɗan 6, 128 ɗan 8, 140 ɗan 10. Na Ingila shekaru suke rubutawa. Na Sin da Koriya sukan fi ƙanƙanta a kan abin da aka rubuta, ga shi kuma tsohuwar riga ta riga ta sha wanki ta tsuke. Mafi tabbas, ki yanko zare daidai faɗin ƙirjin rigar da ke yi wa kowane yaro daidai, da wani na tsawon hannu, ki riƙa ɗorawa. Kayan sanyi a ƙara lamba ɗaya, saboda a kan wasu kayan ake sawa, kuma su kai baɗi.

Wajen ciniki ma hali ya bambanta. A bakin dila doguwar tayawa ba ta aiki a zaɓen farko, kina ja-in-ja wata ta ɗauke. Ki tara abin da kike so a hammata, ki koma gefe ki sake tacewa, sannan ki nemi ragi a kan jimla. Zagaye na biyu ya fi dacewa da mai sayen na gida, 'yan sari sun ɗebi nasu sun tafi, kuma kayan yara masu kyau ba sa ƙarewa a zagayen farko. Kowane ɗan gwanjo yana da ranar da yake yanka tasa dilar, ki karɓi lambar biyu ko uku masu dilar yara su riƙa sanar da ke. A shago kuwa akwai wurin tayawa, in ya ce albarka ki ƙara kaɗan, kuma ki nuna aibin da kika gani da yatsa. Kafin ki miƙa kuɗi ki ƙulla magana a gaban mutane cewa in bai shiga yaro ba za ki dawo a canja. Canji ake yi, da wuya a mayar da kuɗi. Ki je a Oktoba ko farkon Nuwamba, domin da zarar hazo ya sauka kowa ya tuna da suwaita, farashin duka biyun sama yake yi.

Dila sukutum kuwa ba ta mai yara huɗu ba ce, ta 'yan kasuwa ce. Kamfai da safar gwanjo ma a haƙura, a sayi sababbi.

Ko daga ina kayan suka fito, har wanda mai shago ya ce ya wanke, kada su shiga ɗaki sai sun ga ruwa. Warin nan na gwanjo na matsi ne da maganin da ake fesa wa dila, yana kuma sa wasu yara ƙaiƙayi. Na auduga da bargon roba, a jiƙa su a ruwa mai zafin da hannu ba ya jurewa, wajen digiri 60, shi ke kashe kuɗin cizo da ƙwayayensu, a wanke da sabulu a shanya a rana a juye ciki waje. Na ulu kuma ruwan zafi da cuɗa suna tsuke shi har rigar ɗan shekara goma ta koma ta ɗan biyar. Shi ruwan sanyi ake sa masa, a matse a hankali ba murɗawa, a shimfiɗa a kwance a kan tabarma ya bushe, sannan a ɗora ƙyalle mai danshi a bi bakin ɗinkin da dutsen guga mai zafi.